Taga Mai Ɓullowa da Yanayin Wucin-Gadi a Edita: Abin da Za Ka Yi da Wanda Ba Za Ka Yi Ba

Duk wanda ya fara rubuta wa editansa ƙarin kayan aiki, a Emacs ne ko Vim ko Neovim, ba ya daɗewa sha'awar abu biyu take kama shi. Na farko 'yar taga da za ta ɓullo a gefen allo ta nuna bayani ko jerin umarni. Na biyu yanayin wucin-gadi, wato ɗan lokacin da maɓallai za su ajiye aikinsu na kullum su ɗauki wani, har harafi guda ya zama umarni sukutum. Dukansu ba su da wuyar rubutawa, kuma sauƙin nan ne yake jawo ɓarna. Allon da za ka tsaga ba naka ba ne, na wani ne da ya jera tagoginsa yadda ransa ke so. Yatsun da za ka sauya wa ma'anar maɓalli kuma sun yi shekaru suna koyon wata ma'anar. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, kuma abin da ka rubuta baƙo ne a allon mutum: ya zo, ya yi abin da ya kawo shi, ya kama gabansa. Dokokin da ke tafe ba na lallashi ba ne. Da Emacs zan fi kafa hujja, don a can aka fi daɗewa ana wannan gwagwarmaya.

Kada ka buɗe hanyar shiga kafin ka gyara ta fita.

Wannan ce uwar dokoki. Kafin ka rubuta umarni ko ɗaya na cikin yanayin, fara da maɓallin da zai kashe shi, ka gwada ka ga ya kashe, sannan ka ci gaba. A Emacs maɓallin nan sananne ne, C-g, wato Control haɗe da g. Mutum ya rikice, shi zai danna. Littafin jagorar Emacs Lisp ya hana a ɗaura wani umarni a jerin maɓallan da ya ƙare da C-g, ya kuma ce duk abin da ke aiki kamar yanayin wucin-gadi ya tanadi ESC sau biyu ko sau uku a matsayin mafita. Ba a nemi ra'ayinka ba. Ka bi.

Kada ka ce ai ka rubuta a ƙasan taga cewa a danna x a fita. Wanda ya firgita ba ya karatu. A shekarar 2017 tambayar yadda ake fita daga Vim ta kai kallo miliyan ɗaya a shafin Stack Overflow, alhali editan nan yana hannun jama'a tun 1991 kuma littattafai sun cika da bayaninsa. Idan Vim, editan Bram Moolenaar, ya maƙale wa mutane haka, kai da ƙunshinka bai yi wata uku a duniya ba me kake tsammani?

Su kansu masu Vim sun san halin masu rubuta ƙari. Da suka kawo tagogi masu ɓullowa a Vim 8.2, a Disambar 2019, sun haɗa da popup_clear, wanda aikinsa share dukan tagogin idan wani ƙari ya haukace ya ƙi rufe nasa. Abin kunya ne a ce sai da shi aka rabu da tagarka.

Ka nuna wa mutum cewa yana cikin yanayi, muddin yana ciki.

Akwai labarin da masu wannan sana'a suka daɗe suna ba juna game da Bravo, editan da Butler Lampson da Charles Simonyi suka gina a cibiyar binciken Xerox PARC a 1974. Bravo yana da yanayin umarni da na rubutu. Mutum ya ɗauka yana yanayin rubutu ya buga kalmar Turanci mai haruffa huɗu, e, d, i, t, alhali yana yanayin umarni. Harafin e ya zaɓi duk takardar, d ya goge ta, i ya buɗe yanayin rubutu, t ya zauna shi kaɗai a allo. Yatsun ba su yi laifi ba. Abin da ke kan mutum daban, abin da ke cikin na'ura daban, kuma ba abin da ya gaya masa.

Larry Tesler, wanda ya yi aiki a wannan cibiya, ya tsani yanayi har ya sa aka rubuta adawarsa a lambar motarsa, kuma editan Gypsy da suka gina da Tim Mott a 1975 an yi shi ne don a rabu da wannan cuta. Jef Raskin, a littafinsa na shekarar 2000, ya bambanta yanayin da jiki ke riƙe da shi da wanda na'ura ke riƙe da shi. Ba wanda ke mantawa yana danne da Shift, domin yatsansa na kai. Caps Lock kuwa kowa ya taɓa mantawa da shi. Yanayin da kake shirin rubutawa ɗan gidan Caps Lock ne, don haka nauyin tunatarwa a wuyanka yake.

Saƙo guda da ya gifta a ƙasan allo ya ɓace ba tunatarwa ba ne. Alamar ta zauna: taga a buɗe, ko rubutu a layin bayani na ƙasa, ko manuni ya sauya siffa. Kuma ta ɓace a daidai lokacin da yanayin ya mutu. Taga a buɗe bayan yanayi ya mutu ƙarya ce, yanayi a raye bayan taga ta rufe kuwa tarko ne, kuma tarkon ya fi muni. Kada ka dogara da launi shi kaɗai. Akwai masu wahalar bambanta ja da kore, akwai kuma jigon launin da zai haɗiye jan naka gaba ɗaya.

Kada ka ɗauko gatari inda reza ta isa. Kayan aikin hawa-hawa suke, ka tsaya a matakin da ya biya buƙata. Idan abin da kake so shi ne a maimaita umarni da harafi ɗaya, repeat-mode na nan tun Emacs 28.1 na 2022: C-x o sau ɗaya, sai o, o, o, kana zagaya tagogi. Ba taga, ba ƙunshin waje. Idan maɓallai uku ko huɗu ne na ɗan lokaci, set-transient-map ya wadatar, kuma da wannan suna yake tun siga ta 24.4 a 2014. Sai idan umarnin yana da zaɓuɓɓukan da mutum zai kunna ya kashe ya gani da idonsa kafin ya zartar, sannan ka je ga Transient, wanda Jonas Bernoulli ya rubuta don Magit, mai sarrafa Git a Emacs, ya maye gurbin tsohon magit-popup, daga baya aka shigar da shi cikin Emacs kansa a 28.1. Hydra na Oleh Krehel, tun 2015, yana tsakanin biyun. Na ga ƙunshin da ya jawo Transient da duk nauyinsa don umarni biyu, ƙara girma da rage girma. Wannan burga ce.

Kada ka rubuta madaukin karanta maɓallai na kanka.

Jarabar a fili take: madauki guda, read-char a ciki, sai ka duba harafin da ya shigo ka yi abin da ya dace. Da farko zai yi aiki har ka ji daɗi. Abin da ba ka gani ba shi ne ka ture babban madaukin umarni na Emacs gefe ka zauna a kujerarsa, kuma ba ka san rabin aikin da yake yi ba. Shi ne ke gudanar da post-command-hook bayan kowane umarni, wanda ƙunshe-ƙunshe da yawa suka dogara da shi. Shi ke sa iyaka tsakanin umarni da umarni a tarihin warwarewa, don idan mutum ya ce a mayar masa baya a mayar da taki ɗaya. A madaukinka, gyara goma na iya dunƙulewa su zama ɗaya, mutum ya nemi warware na ƙarshe ya rasa duka. Ba wanda zai iya tambayar C-h k me wannan maɓalli ke yi. Ba wanda zai iya sauya maɓallin da ka zaɓa, domin ka binne shi a cikin kod maimakon ka sa shi a taswirar maɓallai mai suna.

Ka yi taswira, ka ba ta suna, kowane maɓalli ya nuna umarni na gaskiya da za a iya kira ta M-x, sannan ka miƙa ta ga set-transient-map. Edita ya ci gaba da zama edita.

Ka yanke hukunci a kan baƙon maɓalli, kada ka bar shi ga sa'a.

Mutum na cikin yanayinka ya danna abin da ba ya cikin taswirarka. Me zai faru? Hanya uku ce. Ko yanayin ya mutu maɓallin ya yi aikinsa na asali, ko yanayin ya ci gaba maɓallin ma ya yi aikinsa, ko a ƙi maɓallin a gargaɗi mutum. Hydra ya ba waɗannan halaye sunayen launi: a mai ja baƙon maɓalli yana kashe yanayin ya wuce abinsa, a mai ruwan hoda yana aiki yanayin na nan, a wadda ake kira amaranth kuwa ana ƙin sa.

Hanyar farko ita ce ta mutunci, kuma ita za ka ɗauka sai in kana da dalili mai ƙarfi. Dubi yadda Emacs ke ƙara girman rubutu. Ka danna C-x C-+, daga nan + na ƙarawa, - na ragewa, 0 na mayarwa yadda yake. Da zarar ka buga wani harafi, yanayin ya watse, harafin ya shiga takarda kamar ba a yi komai ba. Mutane da yawa suna amfani da wannan ba su ma san yanayi suka shiga ba, kuma ba yabon da ya wuce wannan.

Hanya ta huɗu ita ce haramtacciya: ka haɗiye maɓallin shiru. Yanayi ya mutu, harafin bai shiga ba, ba saƙo. Mutum ya buga «gobe» ya tarar da «obe», ya zargi kibod ɗinsa.

Kada ka ɗora ɓarna a kan harafi ɗaya. Gogewa, rubutawa a kan fayil, tura aiki zuwa sabar da wasu ke amfani da ita, duk abin da ba ya warwaruwa, kada taɓawa ɗaya ta zartar da shi. Dired, mai sarrafa fayiloli na Emacs, ya daɗe da nuna hanya: d alama kawai yake sawa, sai ka danna x, sannan a jera maka fayilolin a tambaye ka. A tagar turawa ta Magit, tilasta turawa zaɓi ne da sai ka kunna shi da hannunka ya haskaka a gabanka kafin ka danna maɓallin zartarwa, kuma ƙaramin f an ba shi nau'in tilastawa mai taka-tsantsan, mai tsananin sai da babban F. Ka kuma duba maƙwabtan maɓalli a kibod. Wanda ya sa «na gaba» a j ya sa «goge» a k, shi ya goge fayil ɗin, ba mai yatsan da ya zame ba.

Kada ka tsaga allo da hannunka. Ka roƙi display-buffer.

A nan zan daɗe, don a nan ne aka fi cin zalin mutane.

Sabon hannu yana son taga a ƙasa, sai ya kira split-window, ya bi da switch-to-buffer, wani ma ya fara da delete-other-windows don ya sami fili. A kwamfutarsa mai taga ɗaya komai lafiya. A allon wanda ya buɗe tagogi huɗu, kod a hagu, sakamakon gwaji a dama, bayanansa a ƙasa, abin da ya shirya tun safe ya rushe cikin ƙiftawar ido. Idan kuma taga ta yi ƙanƙanta da za a tsaga, ko an keɓe ta ga wani bafa, umarninka ya faɗi da kuskure a tsakiyar aiki.

Tun Emacs 24.1 na 2012, bayan gyaran da Martin Rudalics ya yi wa tsarin tagogi, akwai ƙofa ɗaya da ake bi, display-buffer. Kai kana cewa ga bafan da nake so a nuna, ga inda na fi so. Shi kuma yana duba display-buffer-alist, inda mai edita ya rubuta nasa dokokin, kuma dokokin mai edita suna gaba da roƙonka. Da gangan aka tsara haka. Ka ce ƙasa, shi ya ce dama, dama za a sa. Idan wannan ya ɓata maka rai, ka manta allon wa kake kai.

Saboda haka kada ƙunshinka ya taɓa display-buffer-alist, ko ya ƙara masa, ko ya rufe shi na ɗan lokaci don ya sami yadda yake so. Wannan jeri na mai edita ne shi kaɗai. Ra'ayinka ka sa shi a hujjar da kake miƙa wa display-buffer, ko ka yi wani zaɓi mai suna da mutum zai iya sauyawa, kamar yadda Transient ya yi da inda tagarsa ke fitowa. Ka ba bafanka suna tsayayye, kada yau ya zama kaza gobe kaza, domin da sunan ne mutum zai rubuta dokar da za ta kama shi. Ka kunna babban yanayin bafan kafin ka nuna shi, ba bayan ka nuna ba, don dokokin da ke duba yanayi su same shi a shirye. Idan tagar ta gefe ce da ba ka so ta shiga rabon fili da sauran, display-buffer-in-side-window na nan don haka.

Kada ka ƙwace manuni. display-buffer nunawa kawai yake yi, pop-to-buffer kuwa yana nunawa ya ɗauke manuni ya kai can. Ka san wanda kake kira. Tagar da mutum ya nema don ya yi aiki a cikinta, ta ɗauki manuni. Tagar bayani, ta bar shi inda yake. Wadda ta fito don wani aiki ya kammala a bayan fage, ko don agogo ya buga, ba ta da izinin taɓa manuni ko kaɗan, domin mutumin yana tsakiyar jimla kuma sauran haruffansa za su zube a bafanka, inda wataƙila kowane harafi umarni ne. A Neovim, inda tagogi masu shawagi suka zo a siga ta 0.4 a 2019, nvim_open_win yana tambayarka ko a shiga tagar ko kada a shiga, kuma akwai zaɓin focusable. Ba ado ba ne. Tagogin Vim 8.2 kuwa a ƙa'ida manuni ba ya shiga cikinsu, maɓallai ta matatar da ka rubuta suke bi, kuma duk maɓallin da matatarka ba ta san shi ba sai ta sake shi ya wuce.

Ka mayar da allo yadda ka same shi, amma kada ka mayar da shi da ƙarfi.

Rabin farko kowa ya yarda da shi. Rabi na biyu ne ke kayar da masu wayo. Sai mutum ya adana hoton dukan tagogi kafin ya buɗe tasa, idan ya gama ya dawo da hoton. A ido dabara ce mai kyau. To amma tsakanin buɗewa da rufewa mai edita bai zauna ya naɗe hannu ba. Ya buɗe wani fayil, ya faɗaɗa wata taga, ya rufe wata. Kai da ka dawo da tsohon hoto ka share duk wannan. Bayanin da ke jikin save-window-excursion da kansa yana gargaɗi da manyan haruffa cewa yawancin amfani da shi matsala yake haifarwa. Waɗanda suka rubuta abu suka ce a yi hattara da shi, kai wane ne?

Abin da za ka yi amfani da shi quit-window ne. Lokacin da display-buffer ya nuna bafanka, yana ajiye bayani a jikin tagar kan yadda aka same ta. Idan sabuwa aka ƙirƙira dominka, quit-window zai goge ta. Idan aro aka yi daga wani bafa, zai mayar wa mai ita. Abin da ka taɓa kaɗai yake gyarawa. Bafan da ba na rubutu ba ne ka gina shi a kan special-mode, q zai zo maka da wannan aiki kyauta, kuma bafan zai zama na karatu kawai.

Ka share bayanka ko da an yi hatsari.

Fita ta lumana ba ita kaɗai ce fita ba. Mutum zai danna C-g a tsakiya. Umarni zai faɗi da kuskure. Wani zai kashe bafan da kake aiki a kai, ko ya rufe tagarka da linzami ba ta hanyar da ka tanada ba. A kowane hali abubuwan da ka kunna sai sun mutu: agogon da ka tayar, aikin da ka rataya a post-command-hook, launin manunin da ka sauya, bafan wucin-gadi. Ka tara sharar nan a wuri ɗaya, ka sa a kira ta ta hujjar fita ta set-transient-map ko ta unwind-protect, kuma ka rubuta ta yadda ko sau biyu aka kira ta ba za ta yi kuka ba. Kafin ka taɓa taga ka tambayi window-live-p ko tana raye, a Neovim ka tambayi nvim_win_is_valid. A can kuma ka sa bufhidden ya zama wipe, in ba haka ba kowace buɗewa za ta bar gawar bafa a jeri. A Vim, idan aka rufe tagarka da ƙarfi, da Control-C ko don manuni ya motsa, lambar da za a miƙo maka -1 ce. Kada ka ɗauke ta ka nemi abu na -1 a jerinka, domin a harshen Vim wannan na nufin na ƙarshe, sai ka zartar da abin da ba wanda ya zaɓa.

Aikin da aka manta a rataye shi ne mafi sharri, don ba ya nuna kansa. Edita ya dinga nauyi, mai shi bai san dalili ba.

Ka auna, kada ka ƙiyasta. Allonka mai faɗi ba shi ne ma'auni ba. Ka gwada a taminal mai gurbi 80 a faɗi da layi 24 a tsawo. Tagar da ta cinye layi ashirin a nan ta rufe abin da mutum ke son gani. Ka ba fit-window-to-buffer iyakar tsawo. Mai shawagi kusa da manuni kuma, idan manuni na ƙasan allo ta koma sama, kuma kada ta taɓa rufe layin da ake rubutawa.

Akwai wani kuskuren awo da mu masu rubuta Hausa muka fi saurin gani. A Lua, harshen ƙarin Neovim, alamar # bayit take ƙirgawa, ba haruffa ba. Haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, kowanne bayit biyu ne a UTF-8. Kalmar «ƙirƙira» haruffa bakwai ce, amma # zai ce tara. Sai ginshiƙan jerinka su karkace, iyakar taga ta goce. Ka yi amfani da strdisplaywidth, a Emacs kuma string-width maimakon length, domin shi length haruffa yake ƙirgawa, ba filin da suka ci a allo ba, kuma wasalin da ke hawa kan harafi a ajami ba ya cin gurbi nasa na kansa.

Kada ka ɗauka kowa yana da allon zane. Firam-firam ƙanana da ke shawagi a kan babban firam sun zo a Emacs 26.1 a 2018, kuma a kansu posframe da Corfu suka ginu. Har zuwa Emacs 30 ba sa aiki a taminal. Wanda ya shiga sabar nesa ta SSH ba zai ga tagarka ba, amma yanayinka zai kama maɓallansa, ka ga an koma labarin Bravo. Ka tambayi display-graphic-p, in amsar a'a ce ka koma taga ta kullum. Ka kuma sani a taminal C-i da TAB abu ɗaya ne, C-m da RET haka, C-[ da ESC haka. Kada ka ba su ayyuka daban-daban.

Kada ka taɓa maɓallan mai edita. C-c biye da harafi, da F5 zuwa F9, an keɓe su ga mai amfani. Rubuce yake a jagora. Kada kuma ka ɗaura komai a C-h bayan maɓallin share fage, don da shi mutum ke tambayar me ke biye. Game da wurin maɓalli, ba kowa ke kan kibod irin naka ba. A Nijar da sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci kibod ɗin AZERTY ya yawaita, inda lambobi sai da Shift, baka mai kusurwa kuma sai da AltGr. Yanayin da ka gina a kan 1, 2, 3 da [ da ] don sauri, a Zinder wahala ne. Ka bar taswirar a buɗe a sauya.

Kada ka sa gwani ya jira tagarka.

Taga ta mai koyo ce da wanda ya manta. Wanda ya haddace yana buga c c a Magit kafin ido ya ga komai, kuma dole maɓallan su yi aiki ko an zana taga ko ba a zana ba. which-key na Justin Burkett, wanda ya shiga Emacs 30.1 a 2025, yana jira daƙiƙa ɗaya kafin ya fito, don mai sauri ya wuce bai gan shi ba. Transient ma yana da zaɓin jinkirta fitowa. Kada ka saka sleep-for don a ga saƙonka. Kada ka kira Git ko intanet kafin ka zana taga. Zana da abin da ke hannu, sauran ya iso daga baya.

Kada ka cika taga da umarni sittin. Transient ya raba umarni hawa 1 zuwa 7, yana nuna har hawa na 4 in ba a ce masa komai ba, sauran sai mai so ya buɗe. Ka yi koyi. Kada kuma ka jera yanayi a cikin yanayi a cikin yanayi. In dole ne biyu, C-g ya koma baya taki ɗaya, a kuma sami maɓallin da ke fita gaba ɗaya, kamar C-q na Transient. recursive-edit kuwa ka nisance shi sai ka san abin da kake yi. Mutane ƙalilan ne ke lura da bakan nan masu kusurwa da ke bayyana a layin ƙasa, ƙalilan daga cikinsu suka san C-] ke fitar da su.

Kada ka tuna wa mutum abin da bai ce ka tuna ba. Zaɓin da ya kunna yau don aiki ɗaya kada ya tarar da shi a kunne gobe. A Transient sai ya danna C-x s zaɓin ke zama na wannan zaman, C-x C-s kuma ya adana shi har gaba. Niyya ce ke adanawa.

Ka gwada a editan da ba naka ba.

Editanka cike yake da gyare-gyaren da ke rufa wa kod ɗinka asiri. Ka tayar da emacs -Q, ko nvim --clean, ka ɗora ƙunshin shi kaɗai. Ka buɗe tagogi huɗu kafin ka kira shi. Ka danna C-g a kowane mataki. Ka kira shi sau biyu a jere ka ga ko taga biyu za ta fito. Ka rufe tagar da linzami ka buga harafi ka ga inda ya tafi. Ka kunna hanyar shigar da haruffa da C-\ ka sake gwadawa. Ka naɗi makaro da F3 da F4 wanda ya ratsa ta cikin yanayin, ka sake kunna shi. Ka jefa kuskure da gangan a tsakiyar wani umarni, sannan ka duba post-command-hook da jerin bafa ka ga abin da ya rage. Daga nan ka miƙa wa wanda bai taɓa ganinsa ba, ka rufe bakinka, ka ga ko zai iya fita.

Idan ya faɗi a ɗaya daga cikin waɗannan, ɗan'uwa, ka bar shi a fayil ɗinka ka gyara. Kada ka sake shi ga jama'a.